Tekun Falon Baba Kura

SHAFI NA 14

Bismillahi. Masu turo min saƙo wai na bar ku a rataye kwana uku, ku yi haƙuri, ni ma Lailatu ce ta bar ni a rataye. Hajiyar nan kuma da ta rantse Kellu ce ke ɓata ruwan, har tana cewa a haɗa mata kayanta, ki gyara zama, shafin nan naki ne.

*

Arba'in da huɗu.

Lailatu ta sauke ma'aunin gishirin daga idonta, ta goge gilashinsa da gefen mayafi, ta sake ɗiga masa ruwan tankin, ta ɗaga shi saitin taga ta leƙa. Layin bai motsa ba. Arba'in da huɗu, abin da ya kamata ya tsaya a talatin da biyar.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta durƙusa gaban tankin. Jatan landen nan guda ɗaya da ta saka ran Talata don gwaji yana kwance a kan farin yashin, ƙafafu sama. Dodon koɗi biyun kuwa tun jiya suka saki gilashi suka faɗo, ko motsi ba sa yi. Ruwan da ta bari garau kamar hawaye ya yi wani dishi-dishi, ga wani jan gari-gari ya kwanta a kan duwatsun.

Sati shida! Sati shida tana dakon jarkokin tataccen ruwa daga kamfanin fiya wata, tana auna gishirin teku na musamman da aka aiko mata daga Legas cokali-cokali, tana jiran ruwa ya nuna kamar mai jiran haihuwa. Malamar kimiyya guda, mai koyar da 'ya'yan mutane a Roni, amma ruwan falon gidansu ya gagare ta.

Kuma ba don ado take yi ba, wannan ne abin da ke cin ranta. Baba Kura, mahaifinta, ya yi shekara huɗu a Sawakin ta ƙasar Sudan yana aikin jirgin ruwa tun yana saurayi, a hanyarsa ta zuwa Makka ta ƙasa. Da labarin Bahar Maliya ya raine su, musamman wani ɗan kifi mai launin lalle da ratsin fari. Yanzu hawan jinin ido ya cinye masa na hagu, likita a Kano kuma ya faɗa mata a keɓe cewa na daman ma watanni ne suka rage. Daga asibitin nan ta ɗauki alkawari tsakaninta da Allah: sai Baba ya sake ganin kifin nan da idonsa kafin hasken ya ɗauke.

Gobe Lahadi kifayen za su iso. Ga ruwan da za su shiga.

Ta miƙe fuu, ta yi tsakar gida.

Kellu, matar yayanta Kashim, tana bakin murhu tana juya itacen turaren wuta a cikin kasko, sana'arta ke nan tun daga gidansu. Tun ranar da aka kafa tankin Lailatu ta kafa doka: babu turare a falon Baba, babu fesa maganin sauro, don injin iska yana zuƙar hayaƙi ya kai cikin ruwa. Kellu ta bi dokar, amma kowa ya san ba a son ranta ba. Ka hana 'yar Barebari turara ɗaki ai ka hana ta numfashi.

"Ya Kellu, wa ya shiga falon Baba jiya bayan na tafi makaranta?"

Kellu ba ta ɗago ba.

"Ina kwana ma babu, Malama?"

"Ina kwana. Wa ya shiga?"

"Ni. Na kai masa kunu, na share, na fito."

"Kin taɓa tankin?"

"Me zan taɓa a ciki? Duwatsu?"

"Gishirin ya kai arba'in da huɗu."

"To Allah ya sauƙaƙe. Ni ban san arba'in ba, ban san hamsin ba."

Lailatu ta cije leɓe. Ita ta san aikinta. Zafin Kazaure yana shanye ruwan tanki kullum, gishiri kuma ba ya bin tururi, shi ya sa kowace yamma take cika shi da ruwan daɗi har zuwa layin da ta manna. Ba ta taɓa fashi ba. Amma sati biyu ke nan, ta gyara da yamma, ta dawo washegari ta tarar ya hau. Ta zargi ma'aunin, ta aro wani. Ta zargi mai fiya wata, har suka yi sa-in-sa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Idonta ya sauka kan abin kwasar shara da ke jingine a jikin bango. Cikin ƙurar akwai wasu 'yan ɓarɓashi jajaye-jajaye. Ta tsuguna ta ɗauki ɗaya, ta murza, ta ɗora a harshe.

Gishiri. Gishiri mai ɗaci-ɗaci da ƙasa-ƙasa.

"Wannan daga ina kika sharo shi?"

Hannun Kellu ya tsaya cak a kan muciya.

"Shara ce."

"Na san shara ce. Daga ina?"

"Lailatu, turarena zai ƙone."

"Ya ƙone mana! Daga falon Baba kika sharo shi, ko ba haka ba? Daga gindin tankin!"

Kellu ta ci gaba da juya turarenta.

"Kanwa kike zuba min a ruwa, Ya Kellu?"

Kellu ta ɗago a hankali, idanunta sun kaɗa.

"Ni?"

"Ke! Don na ce a daina turare a ɗaki ɗaya tak! Ɗaki ɗaya cikin gidan nan gaba ɗaya! Ki fito ki ce min ba kya so mana, sai ki bi ta bayan fage? Kin san abin da na sha a kan ruwan nan? Kin san dalilin da ya sa nake yi?"

"Na sani."

"Kin sani kika yi?"

"Ban ce na yi ba."

"To rantse."

"Wallahi tallahi hannuna bai taɓa zuba komai a ruwanki ba."

"To wa ya zuba?"

Kellu ta mayar da kanta kan kasko.

"Wannan kuma ki tambayi wani."

Kai, jama'a! Babu abin da ya kai wannan amsa ƙona rai. Da ta ce ban sani ba, da sauƙi. Amma ta sani, ta kuma zauna daram a kan sanin, tana juya turare kamar ba da ita ake ba. Lailatu ta ƙara matsowa kusa da ita.

"Mutum nawa ne a gidan nan? Yaya Kashim yana garin Gwiwa tun Litinin. Ni ina makaranta. Baba ko tsakar gida ya daina fitowa saboda ciwon gwiwa. Saura wa? Aljanu?"

"Ki rage murya, yana ji."

"Ya ji! Gara ya ji abin da surukarsa take yi masa!"

Kellu ta ajiye muciyar. Ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin zaninta.

"Shekarata goma sha ɗaya a gidan nan, Lailatu. Ina zuwa kina firamare, ni nake miki kitso. Ban taɓa zaton akwai ranar da za ki tsaya a kaina ki kira ni muguwa ba. Amma ba komai. Ki faɗi duk abin da ke bakinki, na ɗauka."

"Ba ɗauka nake so ki yi ba, gaskiya nake so!"

"Gaskiyar ba tawa ba ce balle in ba ki."

Lailatu ta buɗe baki ke nan, sai ga sallama daga zaure, da wata murya mai kauri kamar ta mai kiran kasuwa.

"Salamu alaikum! Masu gida suna ciki kuwa?"

Baba Na'Allah ne, aminin Baba Kura na Ɓaɓura, mai fataucin gishirin dabbobi daga Nijar. Shekara arba'in suna tare, ba ya jiran iso a gidan. Ya shigo yana goge zufa da hular kansa, ɗayan hannun riƙe da wani ƙunshi a tsohon buhu.

Dole matan suka haɗiye rigimarsu, suka durƙusa.

"Ina kwana, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'ya'yan albarka. Ya gida? Ya mai jikin? Auta, ya tekun namu?"

"Da godiya, Baba," in ji Lailatu.

"Madalla. Ungo, shigar masa da wannan. Ya yi min waya shekaranjiya ya ce wancan ya ƙare. Na ce to, ai ba a bar aikin alheri a rabi ba. Wannan ma ya fi wancan kyau, jiya-jiya aka sauke shi."

Kellu ta rufe ido.

Lailatu ta karɓi ƙunshin, nauyinsa ya ja hannunta ƙasa. Ta warware bakin buhun. Guntun kantu ne, gishirin Bilma, irin wanda ake ajiye wa shanu su lasa. Ja-ja, ƙasa-ƙasa. Ta kalli ɓarɓashin da ke tafin hannunta, ta kalli kantun.

"Baba... wa ya ce a kawo wannan?"

"Alhaji mana. Na tekun ne."

"Na tekun?"

"Ƙwarai. Ya ce gishirin Turawan nan da kika sayo ba shi da ƙarfi, ruwan salam yake. Na ce ai dama, abin da aka ƙulla a roba ina zai kamo na Allah? Wannan kuwa raƙumi ma ya lasa sai ya nemi rijiya."

Ya yi dariyarsa har da tafa hannu. Shi kaɗai ya yi ta.

Lailatu ta juya ta dubi Kellu. Kellu ta kau da kai, hawaye na bin kumatunta. Kunya ta lulluɓe Lailatu tun daga kai har ƙafa, amma takaicin da ke cinta ya fi kunyar yawa. Ko haƙuri ba ta tsaya bayarwa ba, ta ɗauki kantun ta yi falo.

Baba Kura ya riga ya fito daga uwar ɗaka. Yana tsaye da farar jallabiyarsa, hannu ɗaya dafe da bango, kamar yadda ya saba tafiya kwanan nan. Ya laluba kujerarsa da ke gefen tankin ya zauna.

"Auta, ki bar yarinyar mutane. Ni ne."

Ta dire kantun a kan tabarma, ta zube a gabansa.

"Baba, don Allah me na yi maka?"

"Ba ki yi min komai ba sai alheri."

"To me ya sa? Sati biyu ina haukata! Na yi faɗa da mai ruwa, na yi faɗa da Ukasha mai kifi, yanzu na zagi Ya Kellu a kan abin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Kana ji na kullum ina kuka da ruwan nan, ka yi shiru?"

"Gyara miki nake yi."

"Gyara?"

"Ruwanki ba teku ba ne, Auta. Na ɗanɗana."

"Ka ɗanɗana?"

"Kullum da hantsi. In sa yatsa in lasa. Ruwan Sawakin in ya taɓa harshenka sai ka ji har cikin kunne. Shekara huɗu ina shan sa ba da niyya ba, ya za a yi in manta? Naki kuwa kamar miyar marar lafiya. Shi ne nake ɗan gutsura ina jefawa, kaɗan-kaɗan, ina ɗanɗanawa. Jiya ne ma na ji ya fara kamo hanya."

Baba Na'Allah, wanda ya biyo ta har bakin ƙofa, ya gyaɗa kai.

"Ai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Da ba aminin ubanta ba ne, Allah kaɗai ya san abin da Lailatu za ta ce masa. Ta danne, ta juya ga mahaifinta.

"Baba, gishirin shanu ne fa. Akwai ƙasa a ciki, akwai kanwa, akwai abin da ni ma ban sani ba. Kifayen nan ba daga Bahar Maliya aka kamo su ba, a tanki aka haife su, a talatin da biyar suka tashi. In na saka su a nan ba za su kai magariba ba. Jatan landen ya mutu. Dodon koɗin sun mutu. Ƙwayoyin da na yi sati shida ina raino a jikin duwatsun nan, masu cinye dattin ruwa, ban san ko suna raye ba. Gishirin Legas saura ɗan kaɗan a gindin bokiti. Ko yau na zubar da ruwan nan na sake sabo, ba zai nuna gobe ba!"

"Harshena ba ya ƙarya."

"Harshenka shekararsa tamanin, Baba! Ko miyar Ya Kellu kullum cewa kake ba gishiri!"

"Lailatu!" in ji Kellu daga bakin ƙofa.

Ta san ta wuce gona da iri. Ba a taɓa jin ta ɗaga wa mahaifinta murya ba. Amma wanda ya yi aikin baban giwa na sati shida ba ya jin kira. Ta fizgo ma'aunin daga kan tebur, ta ɗiga ruwa, ta danƙa masa a hannu.

"Shi ke nan, kar ka yarda da ni. Gani ya kori ji. Leƙa da idonka, Baba. Ɗaga shi saitin taga, akwai layi tsakanin fari da shuɗi. Faɗa min lambar da ya tsaya."

Baba Kura ya riƙe abin. Ya jujjuya shi a hannu.

"Ai na yarda, ba sai na duba ba."

"A'a, duba dai. Don Allah duba."

"Malama, ki ƙyale shi haka," in ji Kellu da sauri. "Baba, kawo in ajiye, kununka na hucewa."

"Ba wanda zai ajiye! Ya duba!"

Tsohon ya ɗaga ma'aunin a hankali ya kai idonsa na dama. Ya ɗan yi jim.

"E, na gani. Arba'in da huɗu. Gaskiyarki."

Lailatu ta ƙura masa ido.

A juye ya riƙe shi. Gefen da ake ɗiga ruwa shi ya manna a idonsa, har ruwan na gangarowa kan kuncinsa, gefen leƙawar kuma yana kallon waje. Ba ma taga ya nufa ba. Bango ya nufa, inda kalandar masallaci take rataye.



A'a. Kuskure ne. Tsufa ne, bai saba da abin ba. Haka ta riƙa faɗa wa zuciyarta, zuciyar kuma tana ƙin karɓa. Ta miƙa hannu a hankali, ba tare da ƙara ba, ta kashe shuɗiyar fitilar da ke saman tankin, wadda Baba ya fi so a cikin kayan duka. Tankin ya yi duhu.

"Baba," ta ce, da wata murya da ita kanta ba ta gane ba, "fitilar nan fa? Hasken ya yi, ko in rage?"

Ya juyo da fuskarsa wajen ƙarar injin, ya yi murmushi.

"Bar ta haka, Auta. Shuɗin nan ya yi. Kamar Sawakin da sassafe."

Kellu ta toshe bakinta da mayafi, kuka ya ƙwace mata. Baba Na'Allah ya dubi fitilar, ya dubi amininsa, hular hannunsa ta faɗi ƙasa.

"La'ilaha illallahu. Kura?"

Murmushin Baba ya ɗauke. Ya gane an kama shi. Ya sauke ma'aunin a kan cinyarsa, ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka tarar da hannunsa a tukunya.

"A kashe take ko?"



"Tun yaushe?" in ji Lailatu.

"Auta..."

"Tun yaushe, Baba?"

"Yau kwana goma sha shida. Na idar da sallar walaha, na shafa addu'a, na buɗe ido, sai na ga kamar an rufe ƙofa. Na zauna ina jira a buɗe. Ba a buɗe ba."

Kwana goma sha shida. Ta shiga lissafi ba da son ranta ba. Ciwon gwiwar da ya hana shi zuwa masallaci. Dafa bangon nan. Alƙur'aninsa da ya daina buɗewa ya ce ya fi son tilawa da ka. Ran Talata da ta saka jatan lande tana tsalle tana cewa Baba dubi gashin bakinsa, ya ce tubarkalla, kamar na wani ɗan sanda da ya sani a Sudan. Har dariya ta yi. Ashe duhu yake kallo.

Ita kuwa ina idonta yake? Yana cikin ma'aunin gishiri. Safe da yamma tana leƙen layi tsakanin fari da shuɗi, ba ta taɓa tsayawa ta leƙa fuskar mutumin da take yi dominsa ba.

Ta juya ga Kellu.

"Kin sani."

"Tun kwana na biyu. Na ajiye masa kunu a dama, na ga yana lalube a hagu." Kellu ta share hanci. "Ya sa na dafa Alƙur'ani ba zan faɗa ba, ko Kashim bai sani ba. Gishirin ma ina gani. Na roƙe shi ya bari, ya ce ni me na sani game da teku. Sai dai in bi bayansa in share ɓarɓashin."

"Da kin faɗa min, da na kai shi Kano a ranar! Wataƙila da an yi wani abu!"

"Na ce masa haka! Wallahi har kuka na yi masa!"

"Ni na hana," in ji Baba. "Likitan nan ya zaci ba na jin Turanci. Na ji abin da ya faɗa miki a bakin ƙofa. Abin da ya tafi ba ya dawowa."

"To ni fa? Ni ba ni da haƙƙin in sani?"

"Kina da shi."

"To me ya sa?"

Ya laluba, ya laluba, har hannunsa ya samu kanta. Ya dafa.

"Tun rasuwar mahaifiyarku ban ji kina waƙa a gidan nan ba sai da aka kawo gilashin nan. Ina jin ki da asuba kina jan jarka kina waƙa. In ce miki ki bari, wanda kike yi wa ya makance? Na ce bari in yi shiru, kifi ya zo, ki nuna min, in ce tubarkalla, shi ne sak. Ki samu ladanki cikakke. Wa zai sani?"

"Baba..."

"Gishirin kuwa, ki yafe min. Da ido ya tafi, sai na ga ta baki kaɗai tekun nan zai iso gare ni. Na so ko sau ɗaya in lasa in ji Sawakin. Ban san kashe miki shi nake yi ba."

Nan Lailatu ta kifa kanta a gwiwarsa ta saki kuka, irin kukan da ba ka san da wa kake fushi ba. Tana jin haushinsa, tana jin tausayinsa, tana jin haushin kanta fiye da kowa. Ta so ta fasa tankin nan da kantun da ke gabanta. Ta so ta rungume tsohon ta ce ya zuba buhu guda in yana so.

Baba Na'Allah ya tsuguna ya tattara gishirinsa a buhu, jiki a sanyaye.

"Ni da na sani, da ƙafata ta karye kafin in kawo. Auta, in akwai abin da za a yi, motata tana waje. Ko Kano ne, ko Legas ɗin."

"Ruwa ba ya jin sauri, Baba," ta ce cikin kuka. "Ko an tara motocin duniya sai ya yi kwanakinsa. Bari in kira Ukasha in ce ya tsayar da su a Legas, kar a ɗoro su gobe. Sauran kuma..."

Ba ta ƙarasa ba wayarta ta ɗau ƙara a kan tebur.

Kellu ta miƙo mata. Sunan Ukasha ne a jiki. Ta danna, ta kuskure ta buɗe lasifika, muryar ta cika falon.

"Malama, albishirinki! Jirgin gobe aka soke, sai mutumin Legas ya ɗoro su a na asubar yau. Na karɓo su da kaina. Kai, kin ga kyau kuwa? Launin lalle sak, ratsin fari kamar an zana. Ina cikin mota yanzu haka, mun wuce Ɗambatta."

Ukasha ya ci gaba.

"Sai dai fa tun jiya da yamma aka ɗaure su a leda, ga zafin nan. Ɗayan ya fara kwanciya gefe. Iskar ciki ba za ta kai la'asar ba, kuma kin san ni na ruwan daɗi nake ajiyewa, ba ni da inda zan juye su. Ina isowa sai tanki. Ruwa dai ya shirya ko?"

Ta dubi tankin, jatan landen na kwance a kan yashi. Ta dubi bokitin gishirin Legas da ake hango gindinsa. Ta dubi idanun mahaifinta, a buɗe tar, suna kallon inda ba kowa.

"Malama? Kina ji na? Na ce ruwan ya shirya?"

Hannun Baba Kura ya sauko daga kanta ya damƙi wuyan hannunta, da wani ƙarfi da ba ta san yana da sauransa ba.

"Auta," ya ce a hankali, "kar ki mayar da su. Shekara sittin nake jiran su. Ce masa ya kawo."